Babi na Shida: Masu Sujadar Juma'a

A kudu maso yammacin birnin Doha na ƙasar Katar, bayan an bar dogayen benayen gilashi na bakin teku, akwai wata unguwa da ake kiran titunanta da lamba maimakon suna. A takardun hukuma sunanta Industrial Area, mazaunanta kuwa Sana'iyya suke ce mata. Nan ne garejin gyaran manyan motoci, da rumfunan walda, da ɗakunan ajiyar kaya, da kamfanonin bulo da siminti. Nan ne kuma makwancin da yawa daga cikin mutanen da suka gina Doha. Ƙidayar 2015 ta samu sama da mutum 300,000 a cikinta, kusan dukkansu maza, daga Indiya da Nefal da Bangaladash da Pakistan da Siri Lanka da Filifin, sai 'yan Afirka da yawansu ya ƙaru a shekarun baya-bayan nan, daga Kenya da Yuganda da Gana da Najeriya. Da asuba motocin kamfani su kwashe su zuwa wurin aiki, da magariba su maido su ɗakuna masu gadaje hawa biyu.

Da gangan aka tara su wuri guda. Doka mai lamba 15 ta shekarar 2010 ta hana kamfanoni sauke gungun leburori a unguwannin da iyalai ke zaune, shi ya sa masaukansu suka koma bayan gari. Dokar zama kuma ba ta yarda mutum ya kawo matarsa da 'ya'yansa ba sai albashinsa ya ninka na lebura sau da yawa. Abin da ya fito daga wannan shi ne gari guda na magidanta da samari, inda za ka yi doguwar tafiya ba ka ji kukan jariri ba, ba ka kuma ga tsohuwar da za ka rusuna wa ba.

Musulmin cikinsu yana da abin riƙewa. Kiran salla na iske shi a ɗaki, masallaci bai yi masa nisa ba, in ya shiga sahu kafaɗarsa na gogar ta ɗan'uwansa ko da ba ya jin yarensa. Kirista ba shi da wannan a kusa, domin babu cocin da hukuma ta amince da shi a cikin Sana'iyya. Ikilisiyar da take son kiwon waɗannan mutane dole ta yi shi daga nesa, da ɗan lokaci, cikin iyakar da doka ta shata mata. Yadda take yi, da inda take gazawa, da wanda ke ɗauke da nauyin a zahiri, su ne abin da ya kamata Kiristan Jos da na Kaduna da na Zariya ya sani, tunda 'ya'yansa ma sun fara kwana a waɗannan ɗakuna.

Fili guda a bayan gari

Kiristanci ya taɓa zama a wannan gaɓar teku tun da. A ƙarni na bakwai, yankin da marubutan Suriyanci ke kira Bet Katraye, wanda ya haɗa Katar ta yau da maƙwabtanta, yana da bishop-bishop da gidajen sufaye. A can aka haifi Ishaku na Nineba, wanda Kiristocin Gabas ke karanta rubuce-rubucensa har yanzu. Daga baya waɗannan al'ummomi suka shuɗe. Kiristancin da ya dawo a ƙarni na ashirin baƙin ma'aikata ne suka zo da shi, bayan Katar ta fara fitar da man fetur a 1949. Shekaru da dama suna taruwa a gidaje da ɗakunan makarantu, hukuma na kau da kai.

Abin ya sauya a zamanin Sarki Hamad bin Khalifa Al Thani, wanda ya hau mulki a 1995. A 2002 Katar ta ƙulla hulɗar jakadanci da fadar Fafaroma, Sarkin kuma ya ba da fili a Mesaimir, kusa da Abu Hamur, domin a gina majami'u. A watan Maris na 2008 Kadinal Ivan Dias ya keɓe cocin Katolika mai suna Our Lady of the Rosary, wanda ke ɗaukar sama da mutum dubu biyu a zama guda. A 2009 aka buɗe ginin da ɗarikun Kiristocin Indiya suka yi tarayya a kansa. A 2013 Angalikan suka keɓe nasu, Church of the Epiphany, ƙarƙashin dayosis na Saifurus da Yankin Gulf. Kibɗawan Masar da Otodoks na Girka su ma suna da nasu a cikin katanga ɗaya. Sarki Musulmi ne ya ba da wannan fili, a ƙasar da galibin 'yan asalinta ke bin tafarkin Hambaliyya, kuma adalci ne a faɗi haka. Mabiya Hindu da Buda, waɗanda su ma dubbai ne a Sana'iyya, ba su samu irinsa ba.

Kyautar ta zo da sharuɗɗa. Babu gicciye a waje, babu ƙararrawa, babu tallar sujada. A ƙofa akwai jami'an tsaro da ke duba katin shaida, kuma wurin ba na Musulmi ba ne. Yi wa Musulmi wa'azin barin addininsa laifi ne da ke kai mutum gidan yari na shekaru. Ɗariku takwas ne ke da rajista. Ƙananan ikilisiyoyi, irin na Fentikos da na masu bishara, sukan fake a inuwar masu rajista, shi ya sa ginin Angalikan kaɗai ke karɓar gomman ikilisiyoyi, kowace da ɗakinta da sa'arta.

Mai karatu Bakano zai gane wannan tsari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba da daɗewa ba Turawa suka yanka Sabon Gari a wajen ganuwa domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu, majami'u suka bi su can, gwamnati kuma ta taƙaita aikin mishan a cikin masarauta. Sai dai akwai bambanci mai girma. Baƙon Sabon Gari ya kawo matarsa, ya haihu, ya aurar, yau jikokinsa na jin Hausa kamar kowa. Baƙon Doha zamansa na ɗaure da kwantiraginsa. Ranar da aiki ya ƙare, izinin zama ya ƙare. Fasto a can na kiwon mutanen da kowannensu ke kan hanya: wanda ya koya wa jagorancin addu'a bara, bana ya koma Kerala ko Kumasi, sai a sake farawa da sabon zuwa.

Ranar da lebura ke da ita

Lebura a Katar kwana shida yake aiki a mako, hutunsa Juma'a. Saboda haka babbar sujada ta koma Juma'a, Cocin Katolika ma ya yarda wanda ya halarci Misa ranar Juma'a ya sauke faralin Lahadi. Tun da sassafe har dare ake yi, wannan taro na fita wancan na shiga: Turanci, Larabci, Tagalog, Malayalam, Tamil, Konkani, Sinhala, Urdu, Faransanci. An ƙiyasta Katolika kaɗai sun kai 200,000 a ƙasar, firistocinsu kuwa ƙalilan ne, yawancinsu sufayen Kafushin. Suna ƙarƙashin bishop ɗaya da ke kula da Katar da Baharen da Kuwet da Saudiyya a lokaci guda. Tun 2023 Bishop Aldo Berardi ne ke riƙe da wannan kujera.

A taswira, Mesaimir ba ta da nisa da Sana'iyya. Nisan na cikin aljihu da agogo ne. Tun watan Maris na 2021 mafi ƙarancin albashi Riyal 1,000 ne a wata, kimanin Dala 275, sai Riyal 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai bayar da su ba. Mutumin da ke tura mafi yawan wannan kuɗi gida sai ya yi lissafi kafin ya shiga tasi. A Juma'ar nan guda zai yi wanki, ya yi aski, ya je wurin tura kuɗi, ya kira gida, ya rama barcin mako. Mai gadi da direba da ma'aikacin otal sau da yawa ma ba Juma'a ce hutunsu ba. 'Yar aikin gida, wadda dokar 2017 ta ba hutun kwana guda a mako, fitarta na hannun masu gidan.

Daga nan ake gane wanda ke ɗauke da aikin. Firist ko fasto yana da mimbari da sa'o'in ganawa, amma ba shi ne ke kwana a titi na 30 ba. Mai walda ne ke tara abokan ɗakinsa su yi addu'a kafin barci. Direba ne ke haɗa karo-karo a ɗauki hayar mota ranar Juma'a. Wani mai gadi ne ke lura cewa ɗan'uwa bai zo ba mako uku, ya neme shi a waya. Ƙungiyoyin masu bi irin su Couples for Christ da El Shaddai na 'yan Filifin, da Jesus Youth da ta samo asali a Kerala, da zumuntar 'yan Afirka, su ne ke kai ikilisiya inda mai farar riga ba ya kaiwa. Duk wanda ya san aikin Zumuntar Mata a ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna ya san irin wannan ƙarfi.

Abin da ake kawo wa fasto

Mutumin Sana'iyya ba kasafai yake zuwa da tambayar tauhidi ba. Damuwarsa albashin wata uku da aka riƙe, ko fasfo da ke aljihun kafili, wato uban gidan da ya ɗauke shi aiki, ko aikin da ya tarar ba shi aka yi masa alkawari ba, ko bashin da ya ci domin biyan dillalin biza. Dokar Katar ta hana a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga ma'aikaci, amma a ƙasashen da ake tasowa ana karɓa, mutane na sayar da gona da filin gado su biya. Wanda ya sauka da irin wannan bashi a wuya ba ya iya ɗaga murya, domin in aka maida shi gida bashin na jiransa a ƙofa.

Dokoki sun sauya ƙwarai tun da aka ba Katar gasar cin kofin duniya a watan Disamba na 2010, idon duniya ya dawo kanta. A 2015 aka wajabta biyan albashi ta banki domin hukuma ta iya bibiya. A 2017 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta buɗe ofis a Doha a 2018. A shekarar aka soke neman izinin kafili kafin fita ƙasa ga yawancin ma'aikata, aka kafa kwamitocin sasanta rikicin aiki da asusun tallafa wa waɗanda aka hana haƙƙinsu. A 2020 aka ba ma'aikaci damar sauya aiki ba tare da takardar amincewar kafili ba. Tun 2021 an hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Sai dai doka na amfanar wanda ya san da ita ne, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Baƙon ma'aikaci ba shi da izinin shiga ƙungiyar ƙwadago. A irin wannan hali, harabar coci na daga cikin wurare kaɗan da lebura zai tsaya kusa da injiniya ko malamar asibiti ko akawun da ya san hanyar ma'aikatar ƙwadago, su yi magana a matsayin 'yan'uwa. Cika masa takardar ƙorafi, fassara masa kwantiragi, raka shi ofishin jakadancin ƙasarsu, duk wannan kiwo ne, daidai da wa'azi.

Ikilisiya na yin wannan a hankali, da dalili. Limamanta su ma baƙi ne masu izinin zama. Tara sadaka da rabon ta na ƙarƙashin tsauraran ƙa'idoji. An ga abin da ya samu Malcolm Bidali, mai gadi ɗan Kenya da ya riƙa rubuta halin ma'aikata a intanet da sunan aro, aka tsare shi a watan Mayu na 2021 kafin daga baya ya bar ƙasar. Shugaban ikilisiyar da ya yi zafin baki na iya jawo wa dubbai asarar wurin sujada. Amma hankali daban, shiru daban. Akwai kuma wata jarabawa da ke cikin gida, wadda ba doka ce ta kawo ta ba: masu mota da iyali su ne ke da lokacin zama a kwamiti, su ne ke ba da baiko mai kauri, saboda haka abu ne mai sauƙi tsarin ikilisiya ya bi bukatunsu, lebura ya zama baƙo a ɗakin Ubansa. Wasu daga cikin masu zama a kujerun gaba ma su ne manajojin waɗanda ke tsaye a baya. Fasto nagari ba zai bar wannan ya wuce shi ba.

Iyali, ciwo da gawa

Cocin Katolika na ɗaukar Yusufu da Maryamu da jariri Yesu, da suka yi hijira zuwa Masar, a matsayin abin koyi ga duk iyalin da ya bar gida. A kan haka Fafaroma Pius na 12 ya gina takardarsa ta 1952 kan kula da baƙi. Amma wancan iyali tare ya tafi. Na Sana'iyya a rabe yake: miji a Doha, mata a gida da yara da surukai, ganin juna sai in hutu ya zo, wani lokaci bayan shekara biyu. Yaro na girma ya san mahaifinsa a fuskar waya. Zargi na shiga tsakanin ma'aurata, kaɗaici na tura wasu ga giya ta ɓoye ko caca a waya, dangi kuma na ganin duk wanda ke ƙasar Larabawa a kan kuɗi yake kwana. Mutum ba ya iya gaya wa mahaifiyarsa cewa wata biyu ba a biya shi ba. Sau da yawa ɗan'uwan da suke addu'a tare ne kaɗai ya san gaskiyar halin da yake ciki.

Hukuma na barin limaman coci su ziyarci mabiyansu a asibiti da gidan yari, wannan kuma ƙofa ce mai daraja. Mafi nauyin aiki shi ne ranar da aka yi rasuwa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙirga mutum 50 da suka mutu sakamakon aiki a 2020, sama da 500 kuma suka ji mummunan rauni. Jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito a 2021 cewa sama da baƙi 6,500 daga ƙasashe biyar na Asiya sun mutu a Katar cikin shekara goma, ta kowane irin dalili. Gwamnati ta ce adadin bai wuce abin da ake tsammani ga jama'a mai wannan yawa ba. Abin da ya fi damun iyalai shi ne takardar shaidar mutuwa da ke cewa bugun zuciya kawai ba tare da bincike ba, domin diyya na rataye ne a kan a tabbatar aiki ne sanadi. Akwai maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba a Dukhan, a yammacin ƙasar, amma yawancin iyalai so suke a maido musu da gawa. Tsakanin asibiti da 'yan sanda da ofishin jakadanci da kamfanin jirgi, dole wani ya yi zirga-zirga, wani ya kira matar mamacin ya faɗa mata da harshen da take ji. Wanda ba shi da jama'a, gawarsa na iya daɗewa a ɗakin sanyi.

Annobar korona ta gwada wannan tsari har ƙashi. A watan Maris na 2020 aka killace Sana'iyya daga titi na 1 zuwa na 32, ba shiga ba fita. An rufe wuraren ibada, sujada ta koma intanet. A ranar Ista ta shekarar, 12 ga Afrilu, Bishop Camillo Ballin da ke kula da yankin ya rasu a Roma. Ikilisiyoyin da ke taruwa a gidajen haya an rufe su, da yawa ba su samu izinin sake buɗewa da wuri ba. A waɗannan makonni babu mimbari, babu motar Juma'a. Abin da ya rage wa Kiristan da ke cikin shingen shi ne wayarsa da mutanen ɗakinsa, waɗanda wasunsu Musulmi ne, wasu Hindu, suna raba shinkafa da tsoro iri ɗaya.

Rabon ikilisiyar gida

Cin rani tsohon abu ne a ƙasar Hausa, haka zuwa kuza a Jos da fatauci zuwa Gwanja. Matafiyin da ya san zango ya san mai masaukinsa tun kafin ya tashi, na gida kuma sun san wanda za su tambaya in labari ya yanke. Yau saurayi na tashi daga Abuja ko Kano da lambar dillali kaɗai a wayarsa, ikilisiyarsa ta yi masa addu'ar nasara, ba wanda ya karanta takardar da ya sa wa hannu.

Rabin aikin kiwon ɗan Sana'iyya a gida yake, kuma babu dokar Katar da ta hana a yi shi. Dattawan ikilisiya na iya zama da mai niyyar tafiya su duba kwantiraginsa, su tambaya ko kamfanin da ke ɗaukarsa na da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, su gaya masa cewa kuɗin da dillali ke nema ba halal ba ne a dokar ƙasar da zai je. In abin ya yi kama da safarar mutane, hukumar NAPTIP na nan tun 2003. Fasto na iya ba shi takardar gabatarwa zuwa wata ikilisiya a Mesaimir, domin kada ya yi wata shida bai san inda zai nufa ba. Zumuntar Mata na iya sa matarsa cikin waɗanda ake leƙawa, kamar yadda ake leƙa gwauruwa da mai jego. Kwamitin gini ya daina kallonsa a matsayin mai Riyal da za a aika wa takardar gudunmawa. In ya dawo hannu rabbana, ko da ciwon ƙoda, ko da bashi, a karɓe shi ba tare da gori ba. Wannan nasiha ta shafi liman da jama'ar masallaci daidai wa daida, tunda dillalin biza ba ya tambayar addinin wanda zai cuta.

Ma'aikatan Sana'iyya sun riga sun nuna suna iya riƙe bangaskiyarsu da hutun kwana guda da albashin Riyal dubu. Ikilisiyar da ta yi musu baftisma, take kuma cin moriyar guminsu, tana da mimbari da 'yanci da lokaci fiye da nasu. Ya kamata kowace majami'a a Arewa ta san sunayen 'ya'yanta da ke aiki a ƙasashen Larabawa, da inda suke kwana, da wanda za a kira in wani abu ya faru, ta kuma ɗora wa wani dattijo alhakin bibiyarsu wata-wata.